Abin da Ke Jan Mutane Zuwa ga Waƙoƙin Rabuwa

Idan aka yi rasuwa a wani gida a Garwa ko a Marwa, a nan arewacin Kamaru, kowa ya san abin da zai yi: za a shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, a zauna karɓar gaisuwa, a yi sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in, kuma duk wanda ya zo yana da kalmomin da zai faɗa tun kafin ya tuɓe takalmi. Idan gobara ta cinye wa mutum shago a kasuwa, ko ɓarawo ya gudu da babur ɗinsa, maƙwabta za su zo jaje, wani lokaci har a haɗa masa gudummawa. Amma saurayin da ya daɗe yana zuwa zance gidan su yarinya, aka wayi gari an ba da ita ga wani, ba shi da ranar karɓar gaisuwa. Abin da zai samu daga abokai bai wuce "sai haƙuri, matar mutum kabarinsa" ba, sau da yawa ma da dariya a ƙarshen maganar. Matar da aka miƙa wa takardar saki kuwa, za a yi ta magana a kan idda da kayan ɗaki da wanda zai riƙe yara, ba wanda zai tambaye ta ko har yanzu tana son mutumin. A wannan gurbi da al'ada ta bari a buɗe ne waƙar rabuwa ta sami wurin zama, kuma a ganina duk wani bayani a kan farin jininta a wurinmu dole ya faro daga nan.

Waƙar da ake magana a kanta tana da kamannin da ake gane ta da su. Mawaƙi guda ne, shi ya tsara baitocin, shi ya rera su, kiɗan kuma kaɗan ne, jita ko fiyano ko wani abu mai tsirkiya, kuma abin da yake faɗa labarin kansa ne: an bar shi, ko an yaudare shi, ko an raba shi da wadda yake so. Irin wannan waƙa tana da babbar kasuwa a duniya. Kundin da mawaƙiyar Ingila Adele ta fitar a 2011, wanda ta rubuta akasarin waƙoƙinsa bayan rabuwarta da saurayinta, an sayar da fiye da kofi miliyan 30 nasa. Wani nazari da masu bincike a Jami'ar Kalifoniya suka wallafa a 2018, bayan sun auna waƙoƙi fiye da 500,000 da aka fitar a Birtaniya tsakanin 1985 da 2015, ya nuna cewa alamun farin ciki suna raguwa a cikin waƙoƙi, na baƙin ciki kuma suna ƙaruwa, ko da yake waɗanda suka fi samun karɓuwa sun fi karkata ga annashuwa. A arewacin Kamaru, wanda ya ɗan tsaya a gaban teburin masu tura waƙa a waya zai ga yadda abin yake. Matashi ɗaya zai nemi a zuba masa waƙoƙin soyayya na Hausa daga Kano da Kaduna, da na Fulatanci, da na Faransanci, da na Indiya, idan kuma a Kuseri ne har da na Sudan da ake ji a ƙetaren kogi a Njamena, sannan ya ƙara da cewa a zaɓo masa masu sanyi, masu taɓa zuciya. Ɗan Adam yana gudun baƙin ciki a ko'ina. To me ya sa zai biya kuɗinsa a zuba masa shi a waya?

Abu na farko da ya kamata a tsayar shi ne cewa ciwon rabuwa ciwo ne na haƙiƙa, kuma wanda ya kira shi shagwaɓa bai yi wa mai shi adalci ba. A 2011 wani masanin halayyar ɗan Adam a Jami'ar Mishigan ta Amurka, Ethan Kross, shi da abokan aikinsa, sun tara mutum 40 waɗanda masoyansu suka rabu da su a cikin watanni shida da suka gabata ba da son ransu ba. Aka sa su a na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa, aka nuna wa kowa hoton wanda ya bar shi, aka ce ya tuna yadda aka ƙi shi. A wani zagayen kuma aka ɗora musu wani abu a hannu mai zafi da ciwo amma wanda ba ya ƙona fata. Wasu daga cikin sassan ƙwaƙwalwar da suka motsa lokacin zafin hannu su ne suka motsa lokacin kallon hoton. Shekara guda kafin nan, Helen Fisher ta Jami'ar Rutgers da abokan aikinta sun yi gwaji makamancin wannan da mutum 15 waɗanda aka ƙi amma suna nan suna so, suka ga sassan da ke da alaƙa da matsanancin ƙwaɗayi da jarabar kayan maye suna aiki idan an nuna musu hoton masoyin. Wannan yana bayyana abin da kowa ya sha gani, wato yaron da zai rantse ya goge lambarta, ba a daɗe ba ga shi yana leƙa ko ta hau WhatsApp. Bahaushe ya ce son maso wani ƙoshin wahala, sai dai sanin karin maganar bai taɓa hana kowa shan wahalar ba.

Mai irin wannan ciwo yana bukatar ya faɗe shi, mu kuwa tarbiyyarmu ta ginu ne a kan haɗiyewa. An koya mana tun muna yara cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Ɗa ba ya zama gaban mahaifinsa ya ce soyayya ta hana shi barci, budurwa kuma ba ta buɗe baki ta gaya wa mahaifiyarta wanda take so, sai dai maganar ta bi ta bakin gwaggo ko ƙawa. A yankinmu abin ya ninku, domin Bahaushen Garwa ko Gaundare ya tashi ne a cikin Fulani, yana jin Fulatanci kamar yadda yake jin Hausa, pulaku kuwa, wato tarbiyyar Fulani ta gado, ya sa kunya da haƙuri da danne abin da ke rai a sahun gaba na abin da ake auna mutum da shi. Namijin da ya zubar da hawaye don mace ya zama abin labari a majalisa har sai wani labarin ya zo ya ture nasa. Waƙa ta zo da mafitar da ba ta karya wannan doka ba, tun da wani ne yake faɗa, shi kuwa mai ciwon saurare kawai yake yi.

Ana ganin haka ƙarara a shagunan teloli lokacin bukukuwa. Yaron shago yana kan keke yana ɗinka anko, wataƙila ma na bikin yarinyar da ya taɓa nema, ƙaramar sifika a kan tebur tsakanin almakashi da alli tana maimaita waƙa ɗaya tun safe. Maigidansa ya san dalili, sauran yaran shagon sun sani, amma ba wanda zai ce uffan; iyaka idan abin ya yi yawa maigidan ya ce, ba tare da ya ɗago kai daga yanka ba, "Kai, wai ba ka da wata ne?" kuma ba zai sa a kashe ba. Haka nan guntun waƙar da ake ɗorawa a sitatus: mutum ɗari za su gani, amma mutum ɗaya aka nufa, idan kuma aka tambayi mai shi zai ce waƙar ce kawai ta yi masa daɗi. Ya aika saƙonsa, bai zubar da girmansa ba.

Sai dai wannan bai faɗi dalilin da ya sa mawaƙi guda mai rera abin da ya rubuta ya fi kama zuciya a wannan fage ba. Amsar tana fitowa idan aka kwatanta shi da makaɗin Hausa na asali. Makaɗin fada ko na jama'a yana fitowa ne da ƙungiya, da 'yan amshi, da masu kalangu ko kotso ko taushi, da sanƙira mai kirari, kuma waƙarsa tana fuskantar wani: sarki, ko attajiri, ko manomi, ko ɗan dambe. Aikinsa ya ɗaga ubangidansa a gaban taro, ya zambaci abokin gabansa, a yi masa kyauta. Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, ya yi waƙoƙi masu ɗimbin yawa a kan mutane da garuruwa da sana'o'i, amma ba da kukan an bar shi aka san shi ba. Amshi kansa yana sauya nauyin magana, domin abin da mutum biyar suka maimaita da murya ɗaya ya tashi daga sirrin mutum ya zama maganar jama'a. Wanda ya fi kusa da salon kaɗaita a cikin manyan makaɗanmu shi ne Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, da yake zama shi kaɗai da kuntiginsa mai tsirkiya ɗaya, babu amshi, yana waƙa a kan talaka da ƙananan masu sana'a da auren dole. Wanda ya taɓa saurarensa da dare a rediyo ya san cewa murya guda tana sa mutum ya ji kamar shi kaɗai ake gaya wa maganar.

Fasaha ta ƙara wa wannan ƙarfi. Kafin 1925, lokacin da aka fara ɗaukar faifai da makirufo mai aiki da lantarki, dole mawaƙi ya ɗaga murya a bakin wani ƙaho domin na'ura ta kama. Bayan nan ne ya yiwu mutum ya rera a hankali har a ji numfashinsa da rawar muryarsa. Yau kuma da abin sauraro a kunne, muryar tana shiga kai tsaye, ko da a ɗakin da samari shida suke kwana ne, kuma na kusa da shi bai san me yake ji ba.

An ce waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, kuma a waƙar rabuwa maganar tana da ƙarin ma'ana, domin mai saurare yana so ya yarda cewa abin ya faru da mai faɗarsa. A nan akwai 'yar dabarar sana'a da ya kamata a ambata. Mawaƙin da ke fitar da kundi duk shekara ba zai yiwu a ce an yaudare shi sau adadin waƙoƙinsa ba. A situdiyo na Kano kuma sau da yawa wani ne daban yake haɗa kiɗan a fiyano da kwamfuta, a gyara muryar da na'ura, idan waƙar ta shiga fim wani ɗan wasa ya hau kanta yana motsa baki. Duk wannan bai rage komai ba a wurin mai saurare, saboda abin da yake aunawa shi ne ko baitin ya zo daidai da nasa ciwon. Abin da ke sa baiti ya zo daidai kuwa shi ne ƙanƙantar abin da ya ambata. Mawaƙin da ya ce duniya ta yi masa duhu bai faɗi wani abu da za a riƙe ba. Wanda ya ambaci dakalin da yake zama a ƙofar gidansu, da ƙanenta da ake aikowa ya ce tana zuwa, da ranar da yaron ya fito ya ce wai ba ta nan alhali ana jin muryarta a tsakar gida, shi ne ake haddace waƙarsa, domin duk wanda ya taɓa zuwa zance ya san wannan dakalin.

Akwai kuma abin da sautin kansa yake yi ko da ba a jin harshen. A 2003 masu bincike biyu a Suwidin, Patrik Juslin da Petri Laukka, sun tattara nazarce-nazarce 104 a kan murya da 41 a kan kiɗa, suka nuna cewa kiɗa yana bayyana yanayin zuciya ta hanyoyin da magana take bi: na baƙin ciki yana tafiya a hankali, da sauti ƙasa-ƙasa marar ƙarfi, da karin da ke gangarowa, kamar dai maganar wanda jikinsa ya yi sanyi. Ɗaya daga cikin gwaje-gwajen da aka fi ambata a duniya a kan wannan batu, a ƙasarmu aka yi shi. Thomas Fritz na Cibiyar Max Planck da ke Jamus ya hau duwatsun Mandara, ya sami mutanen Mafa waɗanda ba su saba da kiɗan Turawa ba, ya kunna musu gajerun kiɗe-kiɗen fiyano, ya ce su nuna hoton fuskar da ta dace da kowane kiɗa: mai murna, ko mai baƙin ciki, ko mai tsoro. Sakamakon da aka wallafa a 2009 ya nuna sun dace fiye da yadda za a dace ta hanyar canke kawai, ko da yake ba su kai Turawan da aka gwada da kiɗe-kiɗen ba. Ke nan wani kaso na abin halitta ne, wani kaso kuma sabo ne. Shi ya sa dattijuwa a Marwa da ba ta jin ko kalma ɗaya ta Indiyanci za ta ji waƙa daga ɗakin jikokinta ta ce wannan ta rabuwa ce.

Saura babbar tambayar, wato daga ina daɗin yake fitowa. A 2013 masu bincike a Japan sun kunna wa mutum 44 kiɗan baƙin ciki, suka yi musu tambaya biyu daban: me kiɗan yake bayyanawa, kuma me kai ka ji a ranka? Amsoshin ba su zo ɗaya ba, domin mutanen sun ce kiɗan na tsananin baƙin ciki ne, amma abin da su suka ji ya fi haka sauƙi, har da shauƙi a ciki. A 2014 Liila Taruffi da Stefan Koelsch a Berlin sun tambayi mutum 772 abin da waƙar baƙin ciki take tayar musu, kuma abin da aka fi ambata shi ne begen abin da ya wuce, ya zarce baƙin cikin kansa. David Huron na Jami'ar Jihar Ohayo ya kawo hasashe a 2011 cewa wataƙila sinadarin furolaktin, wanda jiki ke fitarwa lokacin shayarwa da lokacin damuwa, shi ne yake kawo natsuwar. Gwajin da shi da abokan aikinsa suka yi daga baya bai tabbatar da haka ba, amma har yau ana yawo da maganar a intanet kamar tabbatacciya.

Ni dai bayanin da ya fi gamsar da ni ya fi waɗannan sauƙi. Baƙin cikin rabuwa ba shi da tsari: yana zuwa da tsakar dare, yana zuwa ana tsakiyar ciniki, ya cakuɗa so da fushi da kunya da nadama wuri ɗaya, mai shi bai san ta inda zai kama ba. Waƙa tana ɗaukar wannan tarkace ta jera shi baiti-baiti, da amsa-amo a ƙarshen kowane layi, da mafari da ƙarshe, a cikin minti huɗu ko biyar. Mutum ne yake kunna ta, shi ne kuma yake kashe ta, a daidai lokacin da aka yanke hukunci a kan rayuwarsa ba a shawarce shi ba. Sannan mawaƙin ba ya ba da shawara. Ba ya cewa mata sun yi yawa a gari, ba ya cewa wani hanin ga Allah baiwa ne, maganganun da suke gaskiya amma mai sabon ciwo ba ya iya jin su a makon farko.

Masu cewa wannan baƙon abu ne da waya ta kawo ba su waiwaya baya sosai ba. Mata sun daɗe suna zuba abin da ke ransu a waƙar niƙa da ta daka, inda ake habaici ga miji da kishiya da uwar miji ba tare da an kama suna ba. Almajiran ilimi a zaure sun san cewa ƙasidar da Ka'abu ɗan Zuhairu ya rera a gaban Manzon Allah (SAW) ta buɗe ne da begen Su'adu da ta yi nisa, bisa al'adar mawaƙan Larabawa ta fara waƙa da ambaton masoyiya. Daga shekarun 1950 finafinan Indiya suka shiga silimomin arewacin Najeriya, sai littattafan soyayya na Kano daga shekarun 1980, sai finafinan Hausa daga 1990, kuma dukkansu sun ƙetaro iyaka ta hanyar Yola da Mubi sun same mu a nan. Saɓanin malamai a kan kiɗa yana nan, ba kuma wannan ne wurin warware shi ba.

Abin da ya bambanta tamu waƙar da ta Turawa shi ne wanda ake tuhuma. A tasu, galibi mutum biyu ne suka gaji da juna, ko ɗaya ya sauya zuciya. A tamu kuwa kusan koyaushe akwai na uku a tsakani: uban da ya riga ya yi wa abokinsa alkawari, ko mai kuɗin da ya zo da mota, ko lefe da sauran ɗawainiyar aure da suka fi ƙarfin saurayi. Akwai kuma nisa. Matashi zai hau jirgin ƙasa na dare daga Gaundare zuwa Yawunde, ya sauka a unguwar Briqueterie inda Hausawa suka taru, ko ya zarce Duwala, yana gasa tsire ko yana tallan kaya domin ya tara abin aure, kafin ya tara an ɗaura da wani. A wurin irin wannan yaro waƙar rabuwa ta haɗa kukan so da kukan talauci da kewar gida, shi ya sa za a same ta a wayar magidantan da suka daɗe da manta sunan budurwarsu ta farko.

Ba kowa ne waƙar take yi wa magani ba. Sandra Garrido, mai bincike a Ostareliya, ta nuna a nazarce-nazarcenta cewa masu halin nanata damuwa, waɗanda tunaninsu ke zagaye wuri ɗaya, sukan fito daga sauraren waƙar baƙin ciki da ƙunci fiye da yadda suka shiga, alhali su da kansu suna cewa tana taimakonsu. Wanda ya saurara, ya yi kukansa a ɓoye, ya tashi ya tafi kasuwa, halinsa daban yake da na wanda watanni suka shuɗe ya rage cin abinci, ya daina fita majalisa, barci ya ƙaurace masa, waƙa ɗaya tana zagayawa a kunnensa. Wannan na biyun yana bukatar mutum ya zauna da shi, in abin ya kai ma a kai shi ga likita, kuma kunyar nan da ta tura shi ga waƙa ita ce za ta hana shi nema.

Wani aibin kuma yana cikin baitocin. Mawaƙi guda shaida guda ne, alƙali kuwa ba ya yanke hukunci da jin ɓangare ɗaya, amma waƙa haka take yi kullum. Tun da akasarin masu rubuta waƙar soyayya ta Hausa maza ne, hoton da ya fi fitowa shi ne na macen da ta ga kuɗi ta juya baya, har ma baitocin da muryar mace take rerawa sau da yawa namiji ne ya rubuta mata su. Yarinyar da aka tilasta wa, wadda ta shiga ɗakin wanda ba ta so tana kuka aka ce ai kukan amarya ne, ita ma tana da waya, kuma waɗannan waƙoƙin take saurare tana juya su a ranta su dace da ita. A rubutun zube mata sun riga sun karɓi alƙalami: suna da rinjaye a cikin marubutan littattafan soyayya na Kano, a yankinmu ma Djaïli Amadou Amal, 'yar Marwa, ta ci kyautar adabi ta Goncourt wadda ɗaliban sakandare ke zaɓar wanda za a ba a Faransa a 2020 da littafi a kan auren dole da haƙurin da ake ɗora wa mata. A fagen waƙa kuwa hanyar ba ta buɗe haka ba, domin iyaye da yawa za su yarda 'yarsu ta yi rubutu a ɗaki amma ba za su yarda ta shiga situdiyo ba, wadda ta samu ta shiga kuma sau da yawa aure ne yake kawo ƙarshen sana'arta.